Gurbin da ke Shafin Laraba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma kakana ya riga mu isa. Ya cika da hantsin wata Alhamis, kafin azahar mun kai shi makwancinsa a bayan gari, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Kowa a yankinmu Malam yake ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan.

Liman ne ya fara cewa, Allah sarki, da Malam ya ƙara haƙurin kwana ɗaya da ya dace da Juma'a. Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya ce ai Malam bai taɓa yi wa mutum haƙuri ba, balle rana. Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, aka yi salati. Tsofaffi suka riƙa zuwa a ƙafa, wasu tun daga wajen Kunci, don mota ta gagari talaka a shekarun nan. Duk ɗalibansa ne na ajin yaƙi da jahilci, kuma kowanne in ya zauna sai ya cire hula ya nuna inda Malam ya taɓa ranƙwashinsa, alhali a lokacin da gemunsa da 'ya'yansa. Suna faɗa suna alfahari, kai ka ce kyauta ya ba su. Wanda ya fi kowa kuka kuwa maƙwabcinmu ne na gona, mutumin da suka yi rabin rayuwa suna zage-zage a kan wata ɗorawa da ke kan iyaka. Iya, kakata, tana ɗaki cikin takaba da carbi a hannu, ban ga hawayenta ba.

Ni ba wanda ya yi min gaisuwa ta sosai. Jika ba ya cikin masu babban rashi. In an zo kaina sai a ce, to, abokin wasa ya tafi, yanzu wa zai riƙa tsokanarka? In ce sai haƙuri.

Ranar sadakar bakwai gumbar ma kaɗan aka dama, gero ya yi tsada, amma jikoki ba su fasa wasansu ba. A wurinmu in tsoho ya rasu jikokinsa ba sa zaman makoki, kwaikwayonsa suke yi. Babban ɗan Kawu ya zura rigar Malam, ya kafa hularsa, ya maƙala tabaraun nan mai ƙafa ɗaya da aka ɗaure da zare, ya ɗauki sanda yana bin mutane yana tambayarsu yau wace rana ce, kuma me sunanta yake nufi. Wallahi ya iya, har ɗingishin. Da ya iso kaina sai ya kama kunnena ya murɗe, ya maƙe murya irin ta Malam.

"A'a, maci-uwa, ashe kana nan? Har yanzu ba ka ƙoshi ba?"

Gida ya ɗauka gaba ɗaya, har masu girki suka saki muciya. Ni ma na yi dariyar, don haka ake yi. Ranar kuwa Laraba ce.

Da yamma Kawu ya ja ni gefe. Ya ce tunda ni ne mai aiki a maɗaba'a, in sake buga ɗan littafin nan na Malam a kan asalin sunayen ranaku, a raba sadaka, in kuma rubuta wani abu a gabansa don kada a manta da shi. Har ya juya sai ya ƙara da cewa in daure wannan karon in gyara kuskuren nan nawa na shafin Laraba. To ga abin da na rubuta. Ban sani ba ko Kawu zai yarda a buga shi.

Malam manomi ne kamar kowa, amma a zamanin ƙuruciyarsa ya yi allo ya kuma yi boko, aka ba shi aikin koya wa manya karatu. Yakan ɗaure baƙin allo a bayan keke ya bi ƙauyuka, ya kafa aji a gindin tsamiya. Bayan an daina aikin ma bai daina ba. In ka gaishe shi a hanya, kafin ya amsa sai ya tambaye ka yau wace rana. In ka ce Talata, ya ce me ake nufi da Talata? In ka yi shiru ka shiga uku, kuma a nan ne zai gaya maka cewa ukun ce ma'anarta. Yakan ce mutanenmu kullum suna ƙirga da Larabci ba su sani ba: Lahadi ɗaya, Litinin biyu, Talata uku, Laraba huɗu, Alhamis biyar, Juma'a ranar taruwa, Asabar ranar da aka dakata da aiki. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne tsohuwar da za ta ce an haifi yaro ranar kasuwar wuri kaza. Sai ya ce jaki ma ya san ranar kasuwa, shi ya sa yake ɓuya a bayan rumbu.

Ba ya karɓar goro daga hannun wanda bai iya rubuta sunansa ba. Ba ya zaman majalisa. Shi kaɗai yake cin abinci a zaure, ya juya wa ƙofa baya. Amma wasiƙar duk garin shi yake karantawa, ya rubuta amsa, bai taɓa karɓar ko ƙwayar gyaɗa ba, sai dai ka sha zagi kafin ka tafi da takardarka. Mutane sun ɗauki zagin a matsayin ladan aiki, suna biya da murna.

Mahaifiyata ita ce 'yarsa ta fari. Ran Laraba aka haife ta, shi ya sa ban da sunan yanka ake kiranta Larai, kamar yadda ake ce wa ta Lahadi Ladi, ta Juma'a Jummai. Kowa ya san kunyar ɗan fari: iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa nuna suna sonsa, ko ciwo yake sai su kawar da kai a gaban mutane. Malam ya riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowa. Ko Larai ɗin bai taɓa furtawa ba, sai dai yarinyar nan. Amma an ce ita kaɗai ce a cikin 'ya'yansa ya koya wa karatu da hannunsa, kuma ita kaɗai ce bai taɓa ranƙwasa ba.

Da cikinta na fari ya tsufa ta dawo gida haihuwa, yadda aka saba. Ta haife ni ran Laraba, ta rasu a ranar. Malam bai yi kuka ba, don uba ba ya kukan 'yar fari a gaban mutane. Ubana ya zo suna, ya tafi cin rani kudu, daga nan sai labari. Aka sa min sunan yanka, amma wanda ya bi ni shi ne na rana, Bala.

An ba ni labarin ranar sunan ya fi a ƙirga, kullum a matsayin abin dariya. Wai aka miƙa wa Malam ni, ya ƙi karɓa, ya leƙa fuskata ya ce, wannan ne ya ci uwar tasa? Gida ya yi tsit. Can sai wata ta ƙyalƙyale da dariya daga cikin ɗaki, ta ce ka ji tsoho ya fara kishi da abokin wasansa tun yau. Sai kowa ya bi ta da dariya, aka ci gaba da sha'ani.

Ka san tsakanin kaka da jika akwai wasa, kuma wasan ba shi da linzami. Kaka zai ce maka mummuna, ɓarawon matarsa, mai ƙaton ciki, kai ma ka rama, ba mai cewa an yi laifi. A cikin wannan rigar Malam ya shiga, bai sake fitowa ba. Sauran jikoki yakan ce musu masu kan tulu su yi ta tsalle. Ni maci-uwa ne, safe da yamma, a gaban baƙo da na gida. In akuya ta mutu sai ya tambaya ko na shafa ta. In na yi zazzaɓi ya ce kada a damu, irinmu ba ma mutuwa, sai dai mu kashe. Yana faɗa haƙoransa a waje, mutane suna riƙe ciki, ni kuwa da kunnena yake hannunsa ni na san irin murɗar da yake yi. Na taɓa ramawa sau ɗaya, na ce masa tsoho mai tabarau ɗaya da rabi. Bai yi dariya ba, bai yi fushi ba, kallona kawai ya yi har na fita daga zauren da baya. In na kai kuka wurin Iya sai ta goge min fuska da bakin zane ta ce wasa yake yi, haka kakanni suke.

Abin da nake so in sani tun ina yaro ke nan, ba wani abu ba: wasa ne ko gaske?

A shekarar da aka yi babban fari na ɗauka na sami amsa. Shekarar ce rumbuna suka zama fanko, mata suka riƙa tonon gidan tururuwa suna neman tsabar da suka ɓoye, aka ci dusa, aka ci tafasa ba ƙuli. Malam ya sayar da kekensa. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, kowace uwa ta ja 'ya'yanta ɗaki ta rufa musu asiri da abin da ya samu. Ni ba ni da ɗakin shiga sai na Iya, ita kuma rabonta ba ya isar kaza. Sai Malam ya fara kirana zaure. Zai turo min akushinsa da ƙafa, bai ko ɗanɗana ba.

"Ci," in ji shi. "Ka ci babba ma ka zauna lafiya, balle wannan."

Ina ci ina hawaye, amma ina ci, yunwa ba ta san zuciya ba. Haka muka yi har kaka ta zo. Ƙafafunsa suka kumbura, in ka danna sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ɗingishin da ɗan Kawu ya kwaikwaya daga nan ya samo shi. Iya takan ce, ka gani ko, wanda ba ya sonka zai ba ka cikinsa? Wannan maganar na riƙe shekara da shekaru. Duk zagin da ya biyo baya sai in ɗora shi a kan akushin nan in ga akushin ya fi nauyi.

Da na gama firamare shi ya kai ni Kano da kansa, wurin wani tsohon ɗalibinsa mai 'yar ƙaramar maɗaba'a, inda ake jera baƙaƙen dalma ɗaya bayan ɗaya da hannu a ɗaure su a buga. Ya ce wa maigidan ya koya min, dalma dai ba ta da rai, ba zan iya kashe ta ba. Maigida ya yi dariya har da tafawa. Na zauna, na koya, na zama ni ne mai tsara shafi a shagon.

Littafin ya zo ne a shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Ana layin sabulu da madara, damina ta sake yin gardama, takarda kuwa sai wane da wane. A irin wannan lokacin ne Malam ya ga ya dace ya kira masu sayen hatsi na kasuwar Dawanau ya ba su waken gidan kaf, don a sayi takarda. Kawu ya yi tsalle ya dire, ya ce takarda za mu dafa wa yara? Malam ya ce masa, kai da ka shekara da shekaru kana cin wake, me ka zama? Sun yi wata ba sa ga-maciji. Malam dai ya naɗe rubutunsa a cikin buzu ya hau motar kasuwa, sai ganinsa na yi a ƙofar shago.

Zan faɗi gaskiya, kwanakin da muka yi muna tsara littafin nan su ne mafi daɗi da na taɓa yi da shi. Ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno kusa da ni. Na nuna masa cewa in aka ninke manyan takardu biyu za su ba mu shafi goma sha shida, kowace rana ta sami shafi biyu masu kallon juna. Na hagu a sa asalin sunan da ma'anarsa, na dama a sa kirarin ranar, sannan a raba shi gida biyu, sunayen maza da aka haifa a ranar a gefe guda, na mata a ɗaya gefen. Ya ce baƙaƙen su zama manya, don masu karanta shi tsofaffi ne, kananzir kuma ya yi wuya. Na ce manyan baƙi suna cin takarda. Muka yi ta ja-in-ja kamar abokan aiki, har na ci shi a wasu wuraren. Ni na kawo shawarar zane: hannu da yatsa ɗaya a tsaye a shafin Lahadi, biyu a Litinin, har biyar a Alhamis, sahun mutane a Juma'a, fartanya jingine da bango a Asabar. Na sassaƙa su a katako, ya ɗaga na fartanyar yana juya shi, ya ce ashe kan nawa ba na ɗaukar kaya ne kawai ba. Ranar na yi murna kamar ƙaramin yaro, ni da gemuna. Muka raba rogo da ƙuli a takarda ɗaya, karon farko da hannuna da nasa suka shiga abinci tare.

Lahadi ta wuce lafiya, Ɗanladi da Ladi. Litinin, Ɗanliti da Altine. Talata, Ɗantala da Talatu. Da na buɗe rubutunsa na Laraba, gidan mata akwai Larai da Balaraba, ya ja layi biyu a ƙarƙashin na farkon, ya rubuta a gefe cewa a sa shi da baƙi mafi girma. Kirarin da kowa ya sani, Laraba ta bawa ranar samu, ya rubuta ya soke. Gidan maza babu komai.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Amma na ce a raina ai ni ne mai tsara shafi, kuma jiya-jiya muka ci rogo tare. Na ɗebo baƙaƙe na jera Bala, na jera Balarabe, na ɗaure, na buga gwaji na miƙa masa.

Ya gyara tabarau. Ya fara ɗora yatsa a kan babban sunan, ya daɗe a wurin, leɓensa bai motsa ba. Sannan yatsan ya gangara ɗaya gefen ya tsaya. Ya tambaye ni wa ya sa ni. Na ce kowace rana a littafin tana da maza da mata, in aka bar wannan haka shafin zai zama gurgu.

"Laraba ba ta da namiji," in ji shi.

Maigida yana bakin inji ya fashe da dariya, ya ce kaka da jika sai Allah, ya ɗauki buta ya fita alwala. Muka rage mu biyu. Ban san inda na sami ƙarfin hali ba, na ce, Malam, yau dai babu kowa, ka gaya min, wasa ne ko gaske? Ya ce in na ga alamar wasa a fuskarsa in faɗa. Na ce to tuwon da ya riƙa ba ni a shekarar fari fa, har ƙafafunsa suka kumbura?

"Ba kai na ciyar ba. Abin da ya rage nata ne a jikinka. Ba zan bari ya mutu sau biyu ba."

Bai ɗaga murya ba, kamar yana gaya min ma'anar Talata. Ya ce in kwance ɗaurin shafin. Na kwance. Ya sa yatsunsa ya tsince baƙaƙen sunana ɗaya-ɗaya, ya tara a tafin hannu, ya ɗingisa zuwa ƙofa ya watsa su a kwatar da ke gaban shago. Daidai nan maigida ya dawo, ya ga abin da ya faru, ya sake yin dariya, ya ce kai wannan tsoho da rigima yake, amma in yi maza in tsamo su, baƙaƙen nan ba a samunsu yanzu. Na naɗe hannun riga na durƙusa a bakin titi ina lalube a cikin baƙin ruwan nan, masu wucewa suna kallo, Malam yana tsaye a kaina. Na same su duka sai ɗaya.

Na so in rufa wa shafin asiri, in cire kan da aka rubuta Maza in baje sunayen mata su cike wurin. Ya ce a'a, a bar kan, a bar ƙarƙashinsa fari, a gani. Haka na buga shi, da hannuna, kowane kwafi.

Littafin ya karɓu fiye da yadda Kawu ya zata. Malaman firamare suka riƙa karanta wa yara, tsofaffin ɗalibai suka riƙa sa shi a aljihun gaba. Ba a daɗe ba masu suna Bala suka fara zuwa zaure suna ƙorafi, don ba su da kaɗan a ƙasar nan, kowa ya ga sunansa ban da su. Malam yakan girgiza kai ya ce kuskuren maɗaba'a ne, jikansa ne ya buga, kun dai san aikin ɗan Laraba, abin da ya taɓa sai ya yi giɓi. Har hedimastan garinmu ya tare ni ran sallah yana min nasiha a kan kula da aiki. Na ce na gode, za a kiyaye. Wa zan gaya wa? In na ce da gayya ya yi, za a ce yaron nan bai san wasa ba.

Tun daga nan abin da nake jira ya sauya. Na riga na san gaske ne. Saura in ji ya faɗa a gaban mutane, ko sau ɗaya, ko da kalmar a yafe min ce. Mutum komai taurin kansa in ya ga kabari yakan sauko, na ce zan jira.

Da ciwon ajali ya kama shi aka aiko min na zo. Ran Laraba bayan la'asar ya ce a tara masa mutane, hankalinsa garau. Ya nemi gafarar Iya. Ya nemi ta Kawu, har ya ambaci waken. Ya sa aka kira maƙwabcin gona ya ce ya bar masa ɗorawar, dama tasa ce, shi ya sani tun farko, mutumin ya faɗi yana rusa kuka. Surukai, 'ya'ya, har wani da ya taɓa mara a kasuwa, kowa ya sami rabonsa. Ina tsugunne a wajen ƙafafunsa. Iya ta turo ni gaba da gwiwarta ta ce, ga Bala.

Ya dube ni. Ya san abin da nake jira, na ga ya sani. Sai haƙoran nan suka fito.

"Tsakanin kaka da jika ai babu neman gafara. Wasa ne."

Ɗaki ya yi dariya cikin hawaye, ana cewa oh, Malam har yanzu bai daina ba. Kalmar da na yi ƙuruciyata ina roƙon Allah in ji daga bakinsa, ga ta ya ba ni, a ranar da ya san ba ta da sauran amfani sai ta toshe min baki. Na tsane shi a lokacin, ba zan ɓoye ba, yana kwance yana numfashi da ƙyar na tsane shi.

Can ya tambaya yau wace rana. Aka ce Laraba. Ya ce to ba yau ba, yau tana da mai ita. Ya kuwa riƙe ransa da haƙori har gari ya waye, rana ta ɗaga, sannan ya saki. Shi ya sa da liman yake cewa ya kuskure Juma'a na yi shiru, don ni na san ba Juma'a yake nema ba. A wurin jana'iza da aka ce duk wanda Malam ya ɓata wa ya yafe masa, sahu ya amsa gaba ɗaya. Bakina ya motsa tare da na kowa.

Washegarin sadakar bakwai na shiga yi wa Iya sallama, da tsohon kwafin littafin a hannuna. Ba ta iya karatu ba, duk zamanta da Malam. Ta ce in ɗora mata yatsa a inda sunan yarinyar nan yake. Na buɗe shafin na ɗora. Ta shafa shi a hankali, sannan yatsanta ya zame zuwa farin wurin da ke gefe, ta tambaya nan fa. Na ce nan ba komai. Sai abin ya taso min. Na ce, Iya, kullum kina ce min wasa yake yi. Ta ce haka ne, ta faɗa. Na ce kin san ba wasa ba ne?

Ba ta ɗago ba, tana jan carbinta.

"Tun ranar suna na sani. Ni na yi dariyar nan daga ɗaki, don kowa ya bi. Ina wankan gawar 'yata a zuciyata na yi ta. Da ban yi ba, a gidan wa za ka kwana?"

Na rufe littafin, na ce mata sai na sake zagayowa, ta ce in gaida maigidana.

Wannan shi ne Malam, iyakar abin da na sani. Ya buɗe idon mutane da yawa, ya karanta wa gari wasiƙunsa, ya koya wa ƙasa guda cewa ranakunta ƙirge suke. Ya ba ni tuwonsa, ya ba ni sana'a, ya hana ni wuri a shafi ɗaya. Kada a manta da shi, ni dai ba zan manta ba. Allah Ya jiƙansa, Ya yi masa sassaucin da shi bai iya yi ba, Ya sada shi da wadda bai taɓa kiran sunanta ba.

Jiya na sake jera shafin Laraba. Babban sunan yana nan da girmansa. Na ɗebo baƙaƙen nawa, na riƙe su har suka yi ɗumi a hannuna, sannan na mayar da kowanne gidansa, na ɗaure shafin yadda yake. Kawu zai buɗe ya ga ban gyara ba. In ya tambaye ni dalili, zan ce masa wasa ne.